Tsohuwar kwamfutar gida a matsayin ma'ajiyar lambobin waya da kalanda: abin da za ka duba kafin ka zaɓa

Da wuya ka shiga gidan ma'aikaci ko ɗalibi a Samaru, Kongo ko Tudun Wada a nan Zariya ba ka tarar da wata kwamfuta da aka ture gefe ba. Wata laftof ce da aka gama digiri da ita har madannanta suka fara cijewa, wata kuma ta tebur ce tun zamanin Windows 7. Daga ranar 14 ga Oktoba 2025, da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, irinsu sun ƙaru, domin da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ga wanda yake son lambobin wayarsa da kalandarsa su zauna a gidansa, irin wannan kwamfutar ta isa har ta yi yawa. Abin da ya rage shi ne zaɓi: wace na'ura, wace manhaja, kuma ta wace hanya waya za ta riƙa kaiwa gare ta.

Aikin kansa ƙarami ne, kuma sanin hakan shi ke hana mutum ɓarnar kuɗi. Na'urori suna magana da juna ta ƙa'idoji biyu: CalDAV ta kalanda, wadda aka tsayar a 2007, da CardDAV ta lambobi, wadda ta biyo baya a 2011. Kwamfutar gida ita ce uwar garke, wato na'urar da ke riƙe bayanan, wadda wayoyi ke ɗauka daga gare ta su kuma miƙa mata sauyi. Kowane mutum da ka adana ɗan fayil ne na rubutu zalla, haka kowane taro ko ɗaurin aure da ka sa a kalanda. Lambobi dubu, in babu hotuna a jikinsu, ba su kai nauyin bidiyo ɗaya da ake turowa a WhatsApp ba.

Ga kuma abin da ya fi muhimmanci a wurinmu. Wayarka tana riƙe da nata cikakken kwafin. Ko kwamfutar gida a kashe take, lambobinka suna nan, tunatarwar taro za ta buga a kan lokacinta. Duk abin da ka ƙara ko ka gyara zai jira, sai sa'ad da waya ta sake ganin uwar garken ta miƙa mata. Wato ba dole ba ne kwamfutar ta wuni ta kwana a kunne. Yawancin jagororin da ake rubutawa a Turai da Amurka sun ɗauka wuta ba ta ɗaukewa, shi ya sa ba sa tsayawa a kan wannan. Mu kuwa a kansa za mu gina dukkan zaɓinmu.

Shin kana ma buƙatarsa?

Idan damuwarka kawai ita ce kada waya ta faɗi a keke ko a sace ta a kasuwa lambobi su tafi da ita, asusun Google ya warware maka wannan kyauta, yana ɗaukar lambobi har 25,000, mai iPhone kuma yana da iCloud. Abin da ba na ba kowa shawararsa shi ne dogaro da katin SIM: yawanci bai wuce lambobi 250 ba, kuma suna da lamba ɗaya kawai yake riƙewa.

Wanda ajiyar gida za ta amfana shi ne mai riƙe da amanar wasu. Sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, shugaban Islamiyya mai lambobin iyayen yara, ɗan kasuwar da dukiyarsa ta gaskiya ita ce jerin abokan cinikinsa, magidancin da yake son shi da iyalinsa su ga kalanda ɗaya alhali wani na da iPhone wani na da Android. Akwai kuma jama'a da yawa da a shagon sayar da waya aka buɗe musu Gmail, ba su taɓa sanin kalmar sirrinsa ba, kowace sabuwar waya da sabon asusu. Tun 2023 Nijeriya na da Dokar Kare Bayanai, saboda haka riƙe lambobin mutane ba abin wasa ba ne. Sai dai a sani, kawo su gida bai rage nauyi ba, ya ɗora maka shi ne gaba ɗaya. In faifai ya mutu, babu wanda za ka kira sai kanka.

Na'urar: ta tebur, laftof, ko ƙaramin allo

A nan lissafin wuta ne ke yanke hukunci, ba ƙarfin kwamfuta ba. Tsohuwar ta tebur takan ci tsakanin wat 60 zuwa 100 ko tana zaune ba ta komai. A ɗauki 80: in ta yi wata guda a kunne, ta cinye kusan yunit 58 a mita. Laftof da aka kashe fuskarta takan tsaya wajen wat 10 zuwa 20, a wat 15 wata guda bai kai yunit 11 ba. Raspberry Pi, wannan ƙaramin allon da bai fi tafin hannu ba, wajen wat 5 yake ci, ƙasa da yunit 4 ke nan a wata. Ka ninka da farashin yunit na layinku, sannan ka tuna cewa in da inbata ko sola kake, wat 80 da ke zuƙar batir cikin dare shi ne bambancin fanka ta kai asuba ko ta tsaya ƙarfe biyu.

Ta tebur tana da wata matsalar da ta fi kuɗin wuta. Duk ɗaukewar wuta mutuwar farat ɗaya ce gare ta, kuma in hakan ya faru tana cikin rubutu a faifai, bayanai na iya lalacewa. Sai ka saya mata UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, wanda kuɗinsa da na sauya batirinsa za su iya kai kuɗin laftof ta hannu. In ita kaɗai gare ka, shiga BIOS, shafin saitin da ake buɗewa tun kafin Windows ya tashi, ka kunna saitin da ke sa ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, kada ta zauna jiran mai danna mata maɓalli.

Raspberry Pi yana da farin jini a wajen masu wannan harka, kuma ya cancanta. Amma sayensa za ka yi, farashinsa na bin dala, ga caja mai kyau, ga katin ajiya. Katin microSD da yake aiki a kansa kuwa ba ya jure yawan yankewar wuta. Wanda ya riga ya mallake shi, ya haɗa shi da ƙaramin batir, ya ci gaba. Wanda ke da laftof a ƙarƙashin gado bai da dalilin sayensa.

Ni laftof nake zaɓa, ba tare da wata-wata ba, domin ta zo da batirinta, da fuskarta, da madannanta. In an ɗauke wuta tana da lokacin da za ta jira ko ta kashe kanta cikin tsari. Abin dubawa kafin a ɗora mata aiki kaɗan ne amma kada a tsallake su. Batir na farko: in ya kumbura har ya ɗaga madannai ko murfin ƙasa, a cire shi nan take, hatsarin gobara ne. Batirin da ke riƙe ko da minti talatin ya wadatar. Na biyu faifan ajiya. Tsohon faifai mai juyawa da ya shekara goma shi ne abin da ya fi saurin cin amana, kuma mafi ƙanƙantar SSD, wato faifan zamani marar juyawa, da za ka samu a shagunan PZ, mai 120 ko 128 GB, ya fi ƙarfin wannan aiki nesa ba kusa ba. In kuɗin gyara abu ɗaya gare ka, a nan za ka sa shi. Na uku ɗan batirin agogo da ke kan allon ciki, a yawancin na'urori CR2032 ne. Mutane kan raina shi, alhali in ya mutu kwamfuta kan tashi da kwanan wata na shekarun baya, sai takardar shaidar tsaro ta ƙi aiki, waya ta ƙi haɗuwa, kai kuma kana ta neman laifi a wani wuri.

Sai yanayin garinmu. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin Maris da Afrilu kuma ya zo ya tarar da ita a toshe. A ɗora laftof a kan katako ko tebur inda iska ke ratsawa, ban da katifa ko kafet, a kuma sa mai gyara ya hure ta bayan hunturu ya wuce.

Kada a bar mata tsohon Windows. Windows 7 ya daina samun gyaran tsaro tun Janairun 2020. A sa Debian, wani nau'in Linux na kyauta da ke maye gurbin Windows, ba tare da kayan adon fuska ba, RAM 2 GB ya ishe shi ya yi saura. Sai dai a duba ko na'urar mai bit 64 ce. Debian 13, wanda ya fito a Agustan 2025, ya daina fitar da cikakken tsari ga masu bit 32. Duk mai Core 2 Duo ko abin da ya biyo bayansa ya tsira. Ƙananan laftof na farko masu Atom N270, da masu Pentium M, bit 32 ne, sai dai Debian 12 na 2023, kuma kwanakin tallafinsa ƙidayayyu ne, don haka ba zan gina sabon abu a kansu ba. A ƙarshe a gyara saiti kada ta yi barci in an rufe murfinta.

Manhajar uwar garke

Uku ne ake yawan kwatantawa, kuma dukkansu kyauta ne.

Radicale ita ce mafi sauƙin nauyi. Da harshen Python aka rubuta ta, tana cikin rumbun Debian, umarni ɗaya ya sauke ta, tana sauraro a ƙofa mai lamba 5232. Ba ta buƙatar rumbun bayanai na daban. Kowace lamba da kowane taro fayil ne da ke zaune a folda, kana iya buɗe shi ka karanta da idonka. Wannan shi ya sa na fi natsuwa da ita a garin da wuta ke zuwa tana tafiya: ko wani abu ya lalace, fayil ɗaya ne ko biyu, ba duka ba, kuma kwafin ajiya bai wuce kwashe foldar zuwa filash ba. Inda take gajiyar da mutum shi ne saiti. Da hannu ake rubuta shi a fayil, masu amfani da kalmomin sirrinsu ma haka. Tana da ɗan shafi a birauza na ƙirƙirar kalanda ko littafin lambobi, amma ba za ka ga tarurrukanka a can ba. Raba kalanda tsakanin mutane ma ba ya zuwa da sauƙi, abin da yawancin iyalai ke yi shi ne buɗe asusu ɗaya na gida kowa ya sa a wayarsa, ban da nasa na kansa.

Baïkal tana tsakiya. Da PHP take aiki, an gina ta a kan sabre/dav, tana iya ajiya a SQLite, wato fayil guda, ko a MySQL. Sai ka fara kafa Apache ko nginx, manhajojin da ke miƙa shafukan yanar gizo, da PHP kafin ta tashi, wannan shi ne ƙarin wahalar ranar farko. Bayan nan kuwa komai da linzami ne: ƙara mutum, sauya masa kalmar sirri, buɗe masa sabuwar kalanda. Ga makaranta ko ƙungiyar da sakatare ke sauyawa, kuma magajinsa ba lallai ya iya baƙin allon umarni ba, Baïkal ta fi Radicale dacewa. In ka zaɓe ta, tsaya a SQLite.

Nextcloud ita ce wadda kowa zai fara ambata maka. Frank Karlitschek ya kafa ta a Jamus a 2016 bayan ya bar ownCloud, kuma gaskiya ta haɗu: kalanda mai kyau a birauza, littafin lambobi da ake gyarawa a can, raba kalanda da dannawa ɗaya, ga ajiyar fayiloli da hotuna. Amma tana son rumbun bayanai irin MariaDB ko PostgreSQL, tana son RAM mai yalwa, ta fi son na'ura mai bit 64. Tana fitar da manyan sabuntawa sau da dama a shekara, kuma ba a tsallake ɗaya a haye na gaba, saboda haka wanda ya yi sakaci shekara guda zai zauna yana hawa mataki-mataki da datarsa. In wuta ta yanke ana tsakiyar sabuntawa, aiki ya same ka. Ɗora ta don lambobi da kalanda kawai kamar ɗauko tirela ne a kai tiya ɗaya ta masara Sabon Gari. In kana son hotunan iyali da takardun ofis su ma su dawo gida, kana da RAM 4 GB zuwa sama, da SSD, da inbata, to ta cancanci wahalarta. In ba haka ba, bar ta.

Akwai Xandikos, mai ajiya a Git, wadda ke riƙe tarihin kowane gyara, da DAViCal mai buƙatar PostgreSQL. Mai sha'awa ya leƙa su, amma wanda zai taimake ka in ka maƙale ya fi yawa a ukun farko.

Yadda waya za ta kai gare ta

Nan ne mutane suka fi shan mamaki. Jagorori za su ce ka buɗe ƙofa a rauta don ka shigo daga waje. A yawancin intanet na layukan waya, wanda shi ne a gidajenmu, hakan ba ya yiwuwa, domin kamfani kan haɗa dubban masu amfani a bayan adireshi ɗaya. Ko ka buɗe ƙofar, ba wanda zai same ta daga waje. Kuma ko da zai yiwu, ba na son ganin tsohuwar kwamfuta mai ɗauke da lambobin jama'a a buɗe ga duniya.

Hanya mafi sauƙi ita ce daidaitawa a gida kawai. Waya da kwamfuta suna kan wayfai ɗaya, ka dawo daga aiki ko daga kasuwa, su gaisa, su yi musayar abin da ya sauya. Wannan ba ya cin data ko kaɗan, rauta na yin sa ko kuɗin wata ya ƙare. Sharaɗi biyu ne: ka ɗaure wa kwamfutar adireshi ɗaya a saitin rauta kada ya riƙa sauyawa, kuma rautar ita ma ta samu ɗan batirinta, in ba haka ba laftof na kunne amma babu hanyar zuwa gare ta. Ga mutum ɗaya ko iyali ɗaya, wannan ya wadatar.

In dole ne sauyi ya isa nan take, misali maigida na Kaduna ko Kano, an sa ranar komawa asibiti a Shika ana son ya gani, to Tailscale ce mafita mafi sauƙi. An gina ta a kan WireGuard, tana haɗa na'urorinka a ɓoyayyiyar hanya ba tare da buɗe ƙofa ba, tana da tsarin kyauta na amfanin kai, tana kuma iya samo maka takardar shaidar tsaro daga Let's Encrypt, abin da ke sauƙaƙa haɗa iPhone, domin iPhone takan yi gardama da uwar garken da ba ta da ingantacciyar shaida. A sani dai kamfani ne ke shirya haɗuwar, ko da yake ba ya ganin abin da ke wucewa, kuma da asusun Google, Microsoft, Apple ko makamancinsu ake shiga. Tailscale a matsayin VPN take aiki a waya, Android kuma VPN ɗaya take kunnawa a lokaci guda. Hayar uwar garke a intanet ita ce hanya ta uku, babu ruwanka da wuta, amma biya ne duk wata, yawanci da dala, kuma bayanan sun sake barin gida.

A ɓangaren wayar, iPhone ta iya CalDAV da CardDAV da kanta, a saiti ake ƙara asusun. Thunderbird a kwamfuta ma ya iya duka biyun. Android ce ke buƙatar mataimaki, DAVx⁵, wanda ake biya a Google Play amma kyauta ne a F-Droid, wani rumbun manhajojin Android na kyauta. Shi ba ya nuna komai, zuba bayanai yake a manhajar lambobi da ta kalanda da ke wayar, WhatsApp ma zai ga sunayen kamar kullum. Wayoyin Android da yawa da ke kasuwanninmu suna kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don tattalin batir, sai ka cire DAVx⁵ daga wannan takunkumin, in ba haka ba daidaitawa za ta tsaya shiru ba ka sani ba. Ka kuma sauya wurin da sabuwar lamba ke sauka, domin waya za ta ci gaba da kai ta Google ko SIM sai ka hana ta.

Wani abu da ya kamata a faɗa ƙarara: ajiya a gida ba ta hana manhajar da ka ba izinin karanta lambobinka kwashe su. Manhajojin bashi da suka riƙa tura wa dangin mutane saƙon cin mutunci daga cikin wayar suka ɗebi lambobin, ba daga wata uwar garke ba. Ka bi izinin da ka bayar ɗaya bayan ɗaya, wannan aiki ne daban kuma ba ya jira.

Ranar ƙaura, fitar da lambobinka duka a fayil ɗin vcf, kalanda a ics, ka adana su gefe kafin ka taɓa komai. Share maimaici tun kafin ka zuba, ka mayar da lambobi su fara da +234. Duba sunaye masu ƙ, ɗ da ɓ: sababbin tsarin vCard, wato na fayil ɗin vcf, suna riƙe su lafiya, amma fayil ɗin da tsohuwar waya ta fitar yakan mayar da Ɗanladi ko Ɓaidu wasu alamomi marasa ma'ana, gara ka gani a goma na farko da ka gani a dubu. Yankin lokaci a sa na Legas a ko'ina. Game da watannin Musulunci kuwa, yawancin manhajojin kalanda da lissafin Miladiyya suke maimaita abu duk shekara, don haka Sallah, Mauludi da farkon azumi da hannu za ka sa su, ka gyara bayan sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi.

Saura kwafin ajiya, kuma kada a ɗauka daidaitawa ta tsaya a madadinsa. In yaro ya ɗauki waya ya share lambobi ɗari, uwar garke za ta yi biyayya ta share su, ta kuma umarci sauran wayoyin gidan su share. Abin da zai cece ka shi ne kwafin jiya ko na makon jiya da ke wani wuri daban. A Radicale foldar ajiya za ka kwafa, a Baïkal fayil ɗin SQLite da na saiti. Sa kwamfutar ta riƙa yin kwafi mai kwanan wata da kanta kullum, kai kuma ka kwashe zuwa filash lokaci-lokaci, ka ajiye ɗaya a wani gida ko a ofis, a kulle da kalmar sirri tunda lambobin mutane ne. Gwada mayar da kwafin sau ɗaya tun komai na lafiya, ka ga da idonka sunayen sun dawo. Sannan ka rubuta kalmar sirrin kwamfutar da ta asusun a takarda, ka ba uwargida ko wani amintacce a ƙungiya, tare da bayanin inda filash ɗin yake.